Ranar da ƙafa ta ƙi: me ya sa jikin mai atisayen gudun fanfalaki ba ya tsayawa wuri ɗaya?

Ranar wata Talata cikin hunturu na fito bayan sallar asuba na yi gudun kilomita 16, na dawo gida ina jin da za a ƙara min biyar sai in ce a kawo goma. Ƙafa ba nauyi, numfashi a kwance, har waƙa nake yi a zuci. Ranar Alhamis na sake fitowa, titin nan dai, takalmin nan dai, kilomita 8 kawai na yi niyya. Ban kai uku ba na ji kamar an ɗaura min turmi a kowace cinya. Na duba agogo, na ga ina tafiya a hankali fiye da shekaranjiya, amma zuciya tana dukan uku-uku kamar wanda kare ya biyo. A kilomita na biyar na tsaya gindin wata darbejiya na dafa gwiwa.

Akwai wani dattijo, tsohon soja, da muke haɗuwa da shi a hanyar. Ya zo wucewa da 'yar sassarfarsa da ba ta canzawa rani da damina, ya dube ni ya ce, "Yaro, jiya ƙarfe nawa ka kwanta?"

Na ce, "Baba, wajen ɗaya saura."

Ya ce, "To me ka ci?"

Na ce shayi da burodi. Bai ƙara ko kalma ba, ya yi dariya ya wuce abinsa.

Duk wanda ya taɓa shirya wa gudun fanfalaki, wato tseren nan na kilomita 42 da mita 195 da wasu ke kira yada-ƙanin-wani, ya san irin wannan rana. Shirin yakan ɗauki wata huɗu zuwa biyar, ana fita sau huɗu ko biyar ko shida a mako. A takarda abin a jere yake kamar matakala: wannan mako ya ɗara wancan, gudun ƙarshen mako yana ƙara tsawo daga kilomita 15 zuwa 20 har ya kai 30 da 'yan kai. Jiki kuwa bai san takarda ba. Sabon shiga yakan ɗauki kowace safiya a matsayin hukunci: in ta yi daɗi ya ce ya iya, in ta ɓaci ya ce shi ba a halicce shi don gudu ba. Ni a ganina duka biyun kuskure ne, domin abin da mutum ya ji a ƙafarsa yau, galibi ba labarin yau ba ne. Bashin kwana biyu ko uku da suka wuce ne ake karɓa, ko kuma ajiyarsu ake ci.

A fara da ma'anar atisayen kansa. Gudu mai tsanani ba ya ƙara ƙarfi a lokacin da ake yin sa, ragewa yake yi. Zaruruwan tsoka suna samun ƙananan yagewa, man da ke cikin tsokar yana ƙarewa, ruwan jiki yana raguwa. Sai an huta, an ci, an yi barci, sannan jiki yake gyara abin da aka ɓata, ya ɗan ƙara a kai don kada a sake shammatarsa. Ƙarin nan shi ne ci gaba. Matsalar ita ce gyaran ba ya tafiya da gudu ɗaya a ko'ina. Tsamin jiki, alal misali, ba ya kai maƙura washegarin aiki, yakan fi tsanani tsakanin awa 24 zuwa 72. Shi ya sa mutum zai yi dogon gudu ranar Lahadi, ya tashi Litinin garau yana cika baki, Talata kuma ya kasa sauka daga bene sai da dafa bango. Wanda ke tsakiyar shiri kusan kullum da sauran gajiya a jikinsa, kuma da gangan aka tsara hakan. Ƙwarewarsa tana hawa a hankali a ƙarƙashi, gajiya kuma tana hawa da sauka a sama kamar igiyar ruwa. Abin da yake ji da safe shi ne abin da ya rage in an cire wannan daga wancan.

Sai maganar mai, wato abinci, wadda ita Baba ya fara tambaya bayan barci. Jiki yana ajiye abinci mai sitaci, irin su shinkafa da tuwo da doya da taliya, a cikin tsoka da hanta da siffar wani sikari da masana ke kira gilaikojin. Ajiyar ba ta da yawa. A jikin babban mutum takan kai giram 400 zuwa 500 a tsoka, da kamar giram 100 a hanta, jimilla wajen kalori 2,000. Gudu kuwa yana cin kusan kalori ɗaya a kowane kilo na nauyin mutum a kowace kilomita. Mai nauyin kilo 65 ke nan zai ƙona kalori 2,700 da wani abu kafin ya kammala tseren. Lissafin bai cika ba. Giɓin nan shi ne dalilin da ya sa 'yan gudu da yawa ke karyewa tsakanin kilomita 30 da 35, wurin da suke cewa sun ci karo da bango. Kitse yana nan jibge, ko a jikin siriri, amma a hankali yake ƙonewa, kamar ɗanyen itace. Ba zai ba ka wutar da kake so a lokacin da kake so ba.

A atisaye ƙaramin bangon nan yana zuwa ba sallama. Bayan gudu mai tsawo, tsoka tana buƙatar kusan yini da kwana kafin ta cika rumbunta, in har an ci isasshen abinci, kuma in tsokar ta ji jiki sosai abin yakan zarce haka. Hanta ita ma tana raguwa cikin dare, tunda ita ke ciyar da ƙwaƙwalwa muna barci. To ka haɗa: Talata na ƙona kilomita 16, Laraba na yini ofis da ɗan abin taɓawa, da dare shayi da burodi, Alhamis na fito da asuba ciki ba komai. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, ita ma Alhamis ɗin tawa tun Laraba ta lalace, ni ne dai ban lura ba. Masu shiri a cikin azumi sun fi kowa sanin wannan lissafi, shi ya sa mafi yawansu ke rage nauyin atisayen su mayar da shi bayan shan ruwa ko bayan tarawihi.

Zafi shi ne babban mai juya rana, kuma a nan ne na fi son a tsaya, don mu a wannan yanki shi ke wasa da mu. Kashi uku cikin huɗu ko fiye na ƙarfin da tsoka ke ƙonawa ba ya zama tafiya, zafi yake zama. Dole jiki ya fitar da shi, sai ya tura jini zuwa fata ya kuma saki gumi. Jinin da ya tafi fata an rage wa tsoka shi ke nan, zuciya kuma sai ta ƙara bugu don ta cike gurbi. Gumin yakan kai lita ɗaya zuwa biyu a awa, kuma da zarar mutum ya rasa kamar kashi 2 cikin 100 na nauyinsa ta hanyar ruwa, gudun yakan fara nauyi. Yanayin da aka fi yin gudu mai kyau a fanfalaki sanyi ne na wajen digiri 10, abin da mu sai tsakiyar hunturu da asuba muke ɗan kusantarsa. Saboda haka saurin da ya zo maka da sauƙi a Janairu, in ka neme shi a Afrilu tsakiyar bazara, za ka biya shi da tsada, ba don ka lalace ba.

Kuma ba digiri kaɗai ake dubawa ba. Gumi ba ya sanyaya jiki sai ya bushe a kan fata. In iska cike take da laima, sai dai ya yi ta tsiyaya banza. A gasar duniya ta 2019 a Doha, babban birnin Katar, tsakar dare aka tashi tseren mata don a guje wa rana, amma duk da haka zafi ya haura digiri 30 ga laima mai yawa. Mata 68 suka tashi, 28 suka kasa ƙarasawa, kuma waɗannan zaɓaɓɓu ne daga ƙasashensu. Ruth Chepngetich ta Kenya da ta yi nasara ta ɗauki awa 2 da minti 32 da daƙiƙa 43, lokacin da ya yi nisa ƙwarai da abin da ta saba yi.

Hunturu kuma nasa salon yaudarar daban ne. Iska a bushe take ƙayau, gumi yana fita yana ɓacewa nan take, riga ba ta jiƙewa, sai mutum ya ɗauka bai yi asarar ruwa ba. Sai ya ga farin gishiri a gefen fuskarsa da kan hularsa. Ga ƙura da ke shaƙe maƙogwaro. Wanda ya yi shirinsa kaf a wannan yanayi, sannan ya sauka Legas a watan Fabrairu don tseren birnin da aka fara a 2016, zai tarar da wata duniya. Jiki yana buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da zafi mai laima. Wanda ya isa ana jibi tsere bai ba shi wannan dama ba.

Akwai kuma abin da ba a gani a ƙafa. A 2009 wani masani mai suna Samuele Marcora da abokan aikinsa a jami'ar Bangor da ke Birtaniya suka sa mutane aikin kwamfuta mai gajiyar da ƙwaƙwalwa na minti 90, sannan suka ɗora su kan keken motsa jiki su tuƙa har su gaji. Suka gano mutanen sun sare da wuri, da kusan kashi 15 cikin 100, in aka kwatanta da ranar da suka zauna kallon fim kawai kafin su hau keken. Abin mamakin shi ne bugun zuciyarsu da sauran ma'aunan jiki ba su nuna wani bambanci ba. Aikin ne kawai suka ji ya fi wuya. Wato rigimar gida, bashin da ake binka, maigidan da ya ɗaga maka murya a wurin aiki, daren da aka ɗauke wuta ka yi ta juyi cikin zufa da sauro, duk suna bin ka har kan titi. Jiki buhu ɗaya yake zuba gajiya, bai ware ta gudu da ta rayuwa ba.

Ga mata akwai ƙarin lissafin al'ada, wadda kan zo wa wasu da ciwon mara da kasala, ta kuma rage sinadarin ƙarfe a jini. Amma ko wannan ba ƙa'ida ba ce da ta hau kowa. Paula Radcliffe ta Birtaniya ta faɗa da bakinta cewa da ciwon mara ta kafa tarihin duniya a Chicago a 2002.

Wani zai ce wannan duk matsalar 'yan koyo ce, manya sun wuce nan. Ba su wuce ba. Eliud Kipchoge na Kenya ya shafe shekaru a sansanin atisaye na Kaptagat, kan tudu mai tsayin kusan mita 2,400, ƙarƙashin kocinsa Patrick Sang. A lokacin ganiyarsa yana gudun kilomita 200 ko fiye a mako, ga masu tausa, ga masu lura da abincinsa, ba shi da wani aiki sai gudu da hutu. A Oktoban 2019 a Vienna ya gama tazarar fanfalaki cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40, a wani shiri na musamman da ba a lissafa shi cikin tarihin gasa ba. Shekara guda bayan nan, a Landan, cikin ruwan sama da sanyi, ya zo na takwas. Ya ce kunnensa na dama ne ya toshe ana tsakiyar tsere. Kafin wannan rana, rabon da a doke shi a fanfalaki tun 2013. Kunne fa! Wa zai sa kunne a lissafin gudu? Bayan nan ya ci zinare a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, ya kafa sabon tarihin duniya a Berlin a 2022 da awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9, sannan a Olamfik ta Paris a 2024 ya kasa ƙarasawa. Wanda ya ci wannan tsere, Tamirat Tola na Habasha, da farko ma ba ya cikin waɗanda ƙasarsa ta zaɓa, sai da Sisay Lemma ya ji rauni aka saka shi.

Haile Gebrselassie na Habasha ma haka. A Afrilun 2007 ya fice daga tseren Landan numfashi ya gagare shi, a Satumban shekarar ya kafa tarihin duniya a Berlin. Wata biyar ne tsakani, mutum ɗaya, ƙafa ɗaya.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na Desiree Linden ta Amurka a tseren Boston a 2018. An yi ruwa da iska da sanyi mai ratsa ƙashi. Tun farkon tseren ta ji ranar ba tata ba ce, har ta gaya wa 'yar ƙasarsu Shalane Flanagan cewa da wuya ta ƙarasa, in akwai taimakon da za ta yi mata ta faɗa. Da Flanagan ta ratse ta shiga bayan gida, Linden ta sassauta ta jira ta, suka kamo ayari tare. Ana cikin haka jikinta ya warware. Ita ta ci tseren, Ba'amurkiya ta farko da ta yi hakan tun 1985. Duk mai gudu ya san ƙaramin samfurin wannan: kilomita uku na farko ƙarya suke yi. Jiki bai ɗumama ba, jijiyoyin jini ba su buɗe ba, numfashi bai daidaita ba. Sau da yawa ranar da ta fara kamar azaba takan gyaru bayan minti ashirin, wadda ta fara kamar an sa maka fiffike kuma ta watse a tsakiya.

Wannan ya kawo ni kan abin da ban cika jin ana faɗa ba. Ni na fi tsoron rana mai daɗi a kan mummuna. Mummunar rana iyakarta ta ɓata maka rai ta kora ka gida. Mai daɗi ita ke raɗa maka cewa ƙara sauri, ƙara kilomita biyar, ai yau jiki ya ba da dama. Zuciya da huhu suna sabawa da aiki cikin makonni, amma agara da ƙashi da jijiyoyin gwiwa watanni suke ɗauka. Inji ya yi ƙarfi, tayoyi ba su yi ba. Talatar nan tawa da na ba da labari, kilomita 12 ne a takarda, ni na mayar da ita 16 da saurin da ba a sa ni ba. Rabin laifin Alhamis daga nan ya fito, sauran rabin na shayi da burodi ne. Mafi yawan ciwon ƙwauri da na agara da na taɓa gani a tsakanin abokan gudu, in ka bi sawunsu, a wata safiya mai daɗi suka samo asali. 'Yan Kaptagat kuwa, duk da sunansu, mafi yawan gudunsu na mako mai sauƙi ne, sukan fara shi da sassarfar da ni ma zan iya bi. Kipchoge ya sha gaya wa 'yan jarida cewa ba ya ƙure ƙarfinsa a atisaye, ranar tsere yake ajiye wa.

To in mummunar ranar ta zo, a ci gaba ko a koma gida? A nan ne ake buƙatar hankali, don gajiya da rauni da ciwo sukan zo da kaya iri ɗaya. Nauyin da ya game jiki duka, ƙafafu biyu daidai, wanda ke sassautawa in an rage sauri, gajiya ce kawai. A rage gudun, a ajiye agogo, a ƙarasa a hankali ko a gajarta. Zafin da ya tsaya wuri guda, wanda za ka iya nuna shi da yatsa, yana ƙaruwa da kowane taku ko yana sa ka ɗingishi, wannan ba a jayayya da shi. Tsagewar ƙashin ƙwauri ko na tafin ƙafa haka take farawa, kuma wanda ya yi mata taurin kai na mako guda yakan zauna wata biyu. Zazzaɓi, ciwon ƙirji, jiri, ko bugun zuciya da ya rikice, maganar likita ce. Mu da ke zaune inda zazzaɓin cizon sauro yake, kasalar da ba a san dalilinta ba wani lokaci shi ne yake sallama kafin ya shigo. Haka in mummunan ranaku suka jeru mako biyu ko uku, mutum yana haki a tudun da ya saba hawa yana hira, gwajin jini ya fi ƙarin atisaye amfani, don ƙarancin jini haka yake nuna kansa.

Wasu 'yan gudu suna ƙirga bugun zuciyarsu da sun farka, kafin su sauko daga gado. In ya haura abin da aka saba da biyar zuwa goma, kwana biyu ko uku a jere, sukan ɗauka jiki bai gama gyara ba ko wani ciwo na tafe. Ba sai da agogo mai tsada ba, yatsa biyu a wuya da minti ɗaya sun isa.

Makonni biyu zuwa uku na ƙarshe kafin tsere suna da nasu rikicin. Ana rage gudu sosai don gajiyar da ta taru ta sauka, rumbun tsoka ya cika. A nan ne mutane da yawa ke jin ƙafa ta yi nauyi, abin da ke da dalili: kowane giram na gilaikojin da ruwa kusan giram uku yake kwanciya, sai sikeli ya ɗan hau. Hankali ya tashi, mutum ya ce ƙarfinsa zubewa yake, ya fita ya yi wani dogon gudu don ya tabbatar wa kansa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da bai samu ba a wata huɗu ba zai same shi a kwana goma ba, amma yana iya zubar da wanda ya samu. Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci tseren Olamfik na Rum a 1960 ba takalmi, an yi masa tiyatar afendis ƙasa da mako shida kafin gasar Tokyo ta 1964. Ya je ya sake cin zinare, da sabon tarihin duniya, ya gama ya shiga tsakiyar fili yana miƙe-miƙen jiki. Atisayen shekaru ba ya narkewa don an huta 'yan makonni.

Kipchoge yana da littattafan rubutu da yake shigar da kowane atisayensa tun shekaru masu yawa. Bayan waccan Alhamis ni ma na sayi ɗan littafi irin na 'yan makaranta. Ban da kilomita da lokaci, nakan rubuta ƙarfe nawa na kwanta, me na ci da dare, yaya garin yake, da kalma ɗaya kan yadda na ji. Bayan wata biyu na zauna na bi shafukan. Ranakun da na rubuta "nauyi", kusan duka suna bayan ɗaya daga cikin uku: daren da ban kai awa shida ina barci ba, yinin da ban ci abincin kirki ba, ko kwana biyu bayan safiyar da na zaƙe. 'Yan kaɗan suka rage da na juya su ta ko'ina ban ga abin da ya jawo su ba: na yi barci, na ci tuwo na ƙoshi, gari da sanyi, ƙafa dai ta ce ba ta zuwa.

Na nuna wa Baba littafin wata safiya muna shan iska bayan mun gama. Ya riƙe shi nesa da ido, ya bi layukan da yatsa, ya tsaya kan waɗancan 'yan kaɗan ɗin.

Na ce, "Baba, waɗannan fa? Ban ga laifin da na yi ba."

Ya miƙo min littafin, ya sunkuya yana ɗaure igiyar kambas ɗinsa, ya ce, "Ni ma ina da irinsu. Gobe ƙarfe shida za ka fito, ko sai na biyo maka?"